Waiwaye: Yadda kwarin Wachau ya yi suna da farar giyar inabi

Wachau kwari ne a ƙasar Ostiriya, tsakanin garuruwan Melk da Krems, inda Kogin Danube ya ratsa tsaunuka masu gangara. Tun zamanin da, gidajen sufaye Kiristoci na Bavariya da Salzburg suka mallaki gonakin inabi a wurin, kuma a lokacinsu ne aka sassare jikin tsaunukan hawa-hawa, aka tokare kowane hawa da katangar duwatsu da ake jerawa ba tare da siminti ko laka ba. Wanda ya san gonakin kan dutse na Sukur a Jihar Adamawa zai gane dabarar nan take. Katangun suna hana ruwan sama kwashe ƙasa, suna kuma riƙe zafin rana har cikin dare.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, phylloxera, ya yi wa gonakin kaca-kaca, har manoma da dama suka koma shuka itatuwan afirkot. A 1938 aka kafa ƙungiyar gama-kai ta manoman inabi a garin Dürnstein, wadda tun 2008 take amsa sunan Domäne Wachau, kuma a yau iyalai sama da 200 ne ke kai mata inabinsu.

Abin da ya ɗaga martabar yankin, a ganina, shawara ce da wasu masu gidajen giya suka yanke a 1983, lokacin da suka kafa ƙungiyar Vinea Wachau, suka ɗaure kansu da ƙa'idoji masu tsauri: inabin ya fito daga yankin kawai, kuma kada a ƙara masa sukari. Shekara biyu bayan haka, a 1985, asirin wasu dillalan giya na Ostiriya ya tonu, aka gano suna zuba sinadarin diethylene glycol domin giyarsu ta yi zaƙi da kauri. Kasuwar waje ta rushe, gwamnati ta kafa sabuwar doka mai tsanani, masu saye kuma suka koma neman giya marar zaƙi, wadda aka bari sukarinta ya koma barasa kusan duka. Wachau ta riga ta kama wannan hanya.

Ƙungiyar Vinea Wachau ta kasa giyarta gida uku bisa ƙarfin barasa. Steinfeder ba ta wuce kashi 11.5 cikin ɗari, Federspiel tana tsakanin 11.5 da 12.5, ita kuwa Smaragd daga 12.5 take farawa. Inabin Riesling ya fi son hawa na sama masu duwatsu da ƙarancin ƙasa, Grüner Veltliner kuma ya fi yabanya a ƙasa mai laushi da ke gindin tsaunuka, inda iska mai ɗumi daga gabas take haɗuwa da sanyin dazuzzukan arewa.

UNESCO ta sanya kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, sannan a 2020 ya samu matsayin yanki mai kariyar suna a dokar ƙasar, wadda ta wajabta tsinkar inabi da hannu. Tarakta ba ta iya hawa yawancin waɗannan gonaki, saboda haka yanka rassa, girbi da gyaran katangar da ta zube duk aikin hannu ne, kuma wannan ɗawainiya ce take sa kwalbar Smaragd tsada.