Waiwaye: ɗan tallafin nan da ake turawa makarantun gwamnati kai tsaye, daga ina ya faro?

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a majalisa a Tudun Wadar Zariya, wani yayanmu da ke cikin kwamitin firamaren unguwarsu yana ba mu labarin yadda suka kashe ɗan kuɗin da aka taɓa turo musu, sai wani matashi ya ce shi wallahi bai taɓa sanin makarantar gwamnati tana da akawun nata na kanta ba, ya ɗauka ko ƙusa za a buga sai ɗan kwangila ya taso daga Kaduna. Ban ga laifinsa ba, don an daɗe a haka, shi ya sa na ce bari in ɗan koma baya.

Zariya dai kowa ya san garin ilimi ne, tun 1949 kwalejin da yanzu ake kira Barewa ta tare a nan, jami'ar Ahmadu Bello kuma 1962, amma a wancan zamanin 'yan ƙalilan ne ke samun shiga boko, mata kuwa ba a ma magana. Sai 1976 da aka kawo UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka wangale ƙofa, yara suka yi ta tururuwa, aka gina azuzuwa, komai daga sama yake saukowa har alli. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980 sai aka bar makarantu da iyaye, nan ne kuɗin PTA da kuɗin tsintsiya da kuɗin jarrabawa suka samu gindin zama. Mu da muka yi firamare bayan nan mun ga yadda ake kiran suna a asambili a ce wanda bai biya ba ya koma gida, kuma kullum fuskokin nan ne dai, marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wasu daga wannan korar ba su ƙara dawowa ba.

An ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Kuɗi ne masu kauri, amma hanyarsu ta hukumar tarayya UBEC ce zuwa hukumar jiha SUBEB zuwa kwangila, hedimasta sai dai ya wayi gari ya ga an sauke yashi a harabarsa. Abin da ya fara juya akalar shi ne kafa kwamitocin kula da makaranta, wato SBMC, a tsakiyar shekarun 2000, inda aka ce a zaunar da mai unguwa da liman da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai har da su yaran kansu. A 2007 Bankin Duniya ya shigo da wani shiri a Kaduna da Kano da Kwara wanda ya gwada ba makarantu kuɗi su tsara abin da za su yi, sai shirin ESSPIN na Birtaniya daga 2008 ya horar da kwamitocin, ya kuma dage a kan a ji muryar mata da yara. A 2015 shirin NIPEP ya zo da dala miliyan 100 ga Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, ciki har da tallafin gyaran makaranta da na karatun 'ya'ya mata, sannan shirin AGILE a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai na farko, Kaduna na ciki, shi kuma ya fi karkata ga 'yan matan sakandare.

To ni abin da ya fi taɓa ni a duk wannan jerin ba miliyoyin ba ne, abin da yayan namu ya faɗa ne. Ya ce da kuɗin suka shigo, mazan kwamiti duk bakinsu ɗaya, a yi fenti a gyara get, sai wata dattijuwa mai sayar da ƙosai da ke wakiltar iyaye mata ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, kun taɓa leƙa banɗakin 'yan matan nan kuwa? Ko ƙyaure babu fa." Ashe shi ya sa 'yan aji biyar da shida suke ɗauke ƙafa kwana uku huɗu duk wata, kuma babu yarinyar da za ta iya buɗe baki ta gaya wa malami namiji dalili. Aka kira kafinta ya sa ƙyaure da sakata, aka ajiye randa da butoci. Akwai kuma wani yaro da shan inna ta taɓa ƙafafunsa, kullum sai abokansa sun ciccibe shi a bakin matakala, birkila ya zo ya yi gangara da siminti buhu biyu, yanzu da kansa yake tura kekensa har cikin aji. Ragowar canjin wata malama ta roƙa aka sayo alluna da littattafai ta buɗe aji da yamma domin yaran da ke talla da safe. Don Allah wane ɗan kwangila ne zai zauna a ofis ya hango waɗannan?

Ba wai babu matsala ba, akwai. Akwai inda hedimasta da shugaban kwamiti su kaɗai ke sa hannu a ciro kuɗi, sauran membobi sai dai su ji a gari, akwai inda matan kwamiti suna ne kawai a takarda don a cika sharaɗi. Makarantun ƙauye da na rugage waɗanda suka fi kowa buƙata su ne kuma suka fi shan wahalar cike fom da zirga-zirgar banki, ga rashin tsaro ta ɓangaren Giwa da ya sa wasu iyayen tsoron tura yara. Amma babbar damuwata ita ce kusan duk tallafin nan na shiri ne mai wa'adi, kuɗin waje ko bashi, ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa shi ke nan akawun ya bushe, kwamitin da aka sha wahala aka horar ya watse. Ni a ganina ya kamata jiha da ƙananan hukumomi su sa wannan ɗan kason a kasafinsu na kowace shekara, ko yaya yake, a riƙa liƙa lissafinsa a bangon makaranta kowa ya gani, kuma makarantar da ta fi yawan marayu da masu buƙata ta musamman a fifita ta.

Yayan namu ya ce ajin yamman nan har yanzu yana nan, malamar ba ta karɓar ko sisi, sai dai allunan sun farfashe kuma gara ta fara cin ƙyauren banɗakin. Ranar Asabar mai zuwa za su zauna a zauren mai unguwa su yi karo-karo, dattijuwar nan ma ta riga ta aiko da nata.