Kwalejin Barewa: tambayoyin da ake yawan yi kan tarihinta da al'adunta

Me ya sa ake cewa a Katsina aka haifi Barewa, alhali tana Zariya?

Domin a can ta fara. A 1921 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a hukumance a 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda take har yau a kan hanyar Gaskiya. Ta yi shekaru ana kiranta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata sunan Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta.

Tsohon gininta na ƙasa yana nan tsaye a cikin birnin Katsina, an mayar da shi gidan tarihi. Duk wanda ya shiga ya ga kaurin bangon da ƙanƙantar ɗakunan, zai yi mamakin a ce daga nan aka fitar da mutanen da suka riƙe Arewa.

Don horar da shugabanni aka kafa ta?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Abin da Turawa ke nema shi ne malaman da za su koyar a makarantun larduna, don haka ake zaɓo yara ƙalilan daga kowane lardi a ba su horon shekara biyar. Ahmadu Bello da ya gama a 1931 Sakkwato ya koma yana koyarwa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya kama alli a Midil ta Bauchi. Haka Kashim Ibrahim a Borno, haka Abubakar Imam a Katsina kafin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne shekara da shekaru.

Da guguwar siyasa ta taso bayan yaƙin duniya na biyu, aka duba wa ke da boko mai zurfi a Arewa, wa zai iya tsayawa a majalisa a Legas ya yi magana da Turanci. Sai aka tarar kusan duk 'yan makaranta ɗaya ne. Wannan abin alfahari ne ga kwalejin, amma a ganina yana kuma nuna irin ƙuncin da aka yi wa ilimin boko a yankin: ƙasa mai faɗi haka, ƙofa ɗaya tal aka bar mata tsawon shekaru.

Shugabannin Najeriya nawa ne suka yi karatu a cikinta?

Biyar: Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammad, Alhaji Shehu Shagari da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ga kuma Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, da Sarakunan Musulmi biyu, Ibrahim Dasuƙi da Muhammadu Sa'ad Abubakar, da Birgediya Zakariya Maimalari wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966.

Ke nan makarantar 'ya'yan sarauta ce da masu ra'ayin riƙau?

Ba a musun cewa 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e sun fi samun gurbi a farko. Amma Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne. Kuma abin da ya fi burge ni a tarihin makarantar nan shi ne, ita ta yaye Sardauna, ita kuma ta yaye Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU da ya sha gwagwarmaya da mulkin En'e, da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya wuce Kwalejin Yaba ta Legas ya dawo yana caccakar zalunci da alƙalaminsa. Allo ɗaya suka kalla, suka fito da ra'ayi daban-daban. Daga baya ƙofar ta ƙara buɗewa: Gowon Kirista ne, ɗan mai wa'azin bishara, a Wusasa ya tashi, kuma ya yi fice a makarantar a farkon shekarun 1950.

Mece ce lambar nan da tsofaffin ɗalibai ke liƙawa a bayan sunansu?

Lambar shiga ce. Tun daga ɗalibin farko a Katsina ake ba kowane yaro lamba a jere, ba a taɓa komawa baya a sake lissafi ba duk da ƙaurar da aka yi sau biyu. Sardauna shi ne na 87, Tafawa Ɓalewa na 145. Yau ana rubuta ta da harafin B a gaba.

Je ka taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, BOBA, ka ga aikinta. Mutum biyu za su gaisa, kafin a tambayi aiki ko muƙami sai a tambayi lamba. Mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da ɗayan gwamna ne ko minista, kuma za ka ga mai muƙamin ya rusuna. Yaron da ya shiga bana yana cikin jeri ɗaya da Sardauna, sai dai dubban mutane ne a tsakaninsu.

Daga ina aka samo sunayen gidajen kwanan ɗalibai?

Daga mutanen da suka taɓa tarihin makarantar da na ilimi a Arewa. Akwai gidan Lugard da na Clifford, gwamnoni biyu. Akwai gidan Ɗan Hausa, laƙabin Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai na Bienemann da na Mort, waɗanda suka shugabanci kwalejin. Sannan ga na Malam Bello Kagara da na Malam Nagwamatse, malaman gida da suka koyar tun zamanin Katsina. Gida a nan ba wurin barci kawai ba ne. Da sunansa ake gasar wasanni da ta tsafta, a ciki manyan ɗalibai ke ladabtar da ƙanana, a ciki ɗan Borno ke kwana kusa da ɗan Ilori ko ɗan Sakkwato har su zama 'yan'uwa.

Wane wasa aka fi saninta da shi?

Wasan ƙwallon bango da ake kira Fives, wanda malamai Turawa suka kawo daga makarantun Ingila. Fili ne ɗan ƙarami mai bango uku, mutum biyu na karawa da biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu. Sardauna ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi, bai kuma daina ba har ya zama Firimiya. Tsofaffin ɗalibai suka bazu da shi garuruwansu, shi ya sa har yanzu ake buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. An kuma yi kurket da hoki da ƙwallon ƙafa.

Mene ne taken makarantar, kuma wa ke riƙe da ita yanzu?

Takenta na Larabci ne, "Man jadda wajada", wato wanda ya dage zai samu. Tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna, har yanzu ta maza ce zalla kuma ta kwana. A 2021 ta cika shekara 100. Ƙungiyar BOBA na taka rawa sosai wajen gyaran azuzuwa da gidajen kwana, galibi aji-aji: 'yan shekara ɗaya su haɗa kuɗi, su zaɓi gini guda, sau da yawa gidan da suka kwana a ciki suna yara, su gyara shi.