Tattaki zuwa Santiago: tambayoyi da amsoshi kan shirin ƙafa, kaya da guzuri

A arewa maso yammacin Sifaniya, cikin yankin Galisiya, akwai birnin Santiago de Compostela, inda mabiya ɗarikar Katolika suka yi imani cewa nan kabarin Manzo Yakubu ɗan Zabadi yake, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu. Tun ƙarni na 9 mutane ke taka sayyadarsu zuwa can, har yau ba a fasa ba. A 2024 kaɗai, kusan mutum rabin miliyan ne suka karɓi takardar shaidar kammala tafiyar. Shekarar 2027 kuma Shekara Mai Tsarki ce a Santiago, saboda ranar Yakubu, 25 ga Yuli, za ta faɗo ran Lahadi, don haka hanya za ta cika maƙil.

Wai nisan nawa ne, kuma dole sai an taka shi duka?

Hanyoyin suna da yawa, duka ana ce musu Camino, wato hanya da Sifaniyanci. Wadda ta fi suna ita ce Hanyar Faransa. Tana tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a gindin tsaunukan Pyrenees, ta ratsa Pamplona, Logroño, Burgos da León, kilomita kusan 780. Ka ƙaddara daga Abuja za ka je Legas a ƙasa. Mai ƙoshin lafiya kan cinye ta cikin kwana 30 zuwa 35.

Ba dole ba ne a taka duka. Ana ba da takardar shaida, wadda ake kira Compostela, ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 a ƙasa ko 200 a kan keke. Shi ya sa jama'a ke tururuwa a Sarria, mai nisan kilomita 115 daga Santiago, tafiyar kwana biyar ko shida da ba ta kai Kano zuwa Zariya ba. Mai hutun mako biyu kuma zai iya tasowa daga Porto ta ƙasar Fotugal, kilomita 240 ko makamancin haka.

Na saba tafiyar ƙasa tun ina yaro. Sai na yi wani atisaye?

Sai ka yi. Gaskiya ne Bahaushe ba baƙon doguwar tafiya ba ne, kakanni sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa don zuwa aikin hajji. Amma yawancinmu yau daga babur sai keke napep. Kilomita 25 a yini guda kusan kowa zai iya. Wahalar tana washegari, lokacin da za ka tashi da asuba, sha-raɓa ta yi tsami, kafaɗa ta ɗaure, ka sake goya jaka ka yi wasu 25, jibi ma haka, gata ma haka. Wannan maimaicin ne jiki bai sani ba, shi ne kuma abin koya masa.

Ka ba kanka wata uku. A watan farko ka riƙa yin kilomita 5 zuwa 8 sau uku a mako, hannu rabbana. A wata na biyu ka goya ainihin jakar da za ka tafi da ita, da ainihin nauyinta, ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. A wata na uku ka gwada abin da zai gaya maka gaskiya: kilomita 20 ran Asabar, wasu 20 ran Lahadi bayan an tashi daga coci. In ka wayi gari Litinin kana iya sauka daga gado ba tare da dafa bango ba, ka kama hanya. Makon ƙarshe kuwa na hutu ne.

Kada ka manta da hawa da gangara. Zangon farko na Hanyar Faransa, zuwa Roncesvalles, kilomita 25 ne da hawan da ya haura mita 1,200, kuma a ranar farko ake yin sa, jiki bai saba ba. Wasu kan raba shi biyu su kwana a Orisson, kilomita 8 daga mafari, kuma a ganina sun fi dabara. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, musamman ta Zubiri da ta Molinaseca, inda tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin ƙafa. Mutumin Jos ko Abuja yana da duwatsun gwaji a ƙofar gida. Wanda ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya nemi matakalar bene, ya hau ya sauka da jaka a baya. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon sukari ya fara ganin likita, mai sukari ma ya fi kowa, domin ƙaramin gyambo a ƙafarsa ba ƙarami ba ne.

Wane irin takalmi ya dace?

Wanda ƙafarka ta riga ta sani. Ka saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safar da za ka tafi da ita, ka bar wurin da babban yatsan hannu zai shiga tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Sannan ka taka aƙalla kilomita 100 da shi kafin ka hau jirgi. A lokacin zafi, kambas mai ƙwarin ƙasa da ke shan iska ya fi ƙaton takalmin hawan dutse. Safar auduga tana riƙe gumi, a nemi ta ulu ko irin ta 'yan wasa. A yanke farce, a sa silifa a jaka don yamma.

To in bororo ya fito fa?

Kafin ya fito yakan yi sallama. Za ka ji wani wuri a dunduniya ko gefen yatsa yana ɗan zafi-zafi. Nan take ka zauna a bakin hanya, ka cire takalmi, ka shanya safa, ka manna filasta. Masu cewa bari mu kai ƙauye na gaba su ne za ka tarar da yamma a tsakar masauki, ƙafa cikin roba, suna cije leɓe. Shafa basilin tsakanin yatsu da safe yana rage gogayya. Akwai tsohuwar al'adar matafiya ta soka allura da zare a bar zaren cikin bororon ya kwana. Ka guje ta, ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta. In wurin ya yi ja, ya fara ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, sai kantin magani, mai alamar koren gicciye, ko asibiti. Lambar agajin gaggawa 112 ce.

Ciwon ƙwauri da na agara su ma suna mayar da mutane gida, kuma sauri ne ke jawo su. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Ka ware kwana ɗaya ko biyu na hutu, a Burgos ko León misali.

Me zan zuba a jaka?

Ƙa'idar da matafiya suka saba bi ita ce kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita. Mai kilo 70, jakarsa kilo 7. Jakar goyo mai cin lita 30 zuwa 40 ta isa, amma ta zama mai ɗamara, don nauyi ya sauka a ƙugu. Kaya kala biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiyar shanya, safa ƙafa uku, rigar ruwa, rigar sanyi mara nauyi, malafa, ƙaramin tawul, sabulu guda na wanka da wanki, buhun barci, toci, gorar ruwa, da maganin da kake sha tare da takardar likita. Sanda biyu na rage wa gwiwa aiki.

Mu da ba ma tafiya sai da ƙullin ko-ta-kwana, a nan ake jin jiki. A masaukai da yawa za ka ga kwali cike da littattafai, wanduna da kwalaben man shafawa da masu su suka yar tun kwana na biyu. Wanda ya gane ya yi lodi zai iya aika rarar ta gidan waya, Correos, ta jira shi a Santiago, kuma suna kai jaka daga zango zuwa zango in an biya. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje.

Wane wata ya fi?

Mayu, Yuni da Satumba. A Yuli da Agusta, filin Meseta da ke tsakanin Burgos da León kan yi rana ƙwal ga ƙarancin inuwa, ko da yake ɗan Sakkwato ba zai ce uffan ba. Abin da zai ba mu wuya shi ne sanyin asuba a kan tsauni da ruwan Galisiya mai sauka ba sanarwa. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ana rufe hanyar saman Pyrenees, sai a bi ta Valcarlos.

Ina ake kwana, me ake ci?

A masaukin matafiya da ake kira albergue: ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, galibi maza da mata a haɗe, abin da ya kamata mutum ya sani tun daga gida. Mai son sirri ya tanadi kuɗin ɗaki nasa. Gado kan kama daga kimanin Yuro 10 zuwa 20, wasu masaukan coci kuma abin da ya sawwaƙa ake sakawa a akwati. Ana kulle ƙofa wajen ƙarfe 10 na dare, a fice kafin 8 na safe. Tun biyar da rabi za ka ji ƙarar leda da zip, bayan ka kwana da minsharin mutum ashirin, don haka abin toshe kunne ya fi ƙarfin kuɗinsa. Ka duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo, kada kuma ka ɗora jaka a gado.

Gidajen abinci na sayar da abincin matafiya mai rahusa. Shaguna a ƙauyuka kan rufe da tsakar rana da kuma ran Lahadi, sai a yi guzurin burodi, ayaba da gyaɗa. Famfon da aka rubuta wa “no potable” ba na sha ba ne. Ɓata hanya da wuya: kibiyoyi ruwan ɗorawa, waɗanda Fada Elías Valiña na O Cebreiro ya fara shafawa a shekarun 1980, suna nan a bango da duwatsu.

Takardu fa?

Ɗan Najeriya, Nijar ko Ghana na buƙatar bizar Schengen, wato ta shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai, wadda ba ta wuce kwana 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A nema da wuri. Sai kuma credencial, ɗan littafin matafiyi da ake saye a mafari. Da shi ake ba ka gado, a cikinsa ake buga hatimi a coci, masauki ko gidan shayi. A kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so kowace rana.

Shirin ibada ya ƙunshi me?

Ka je wurin Fada na cocinku ya sa maka albarka, ka san kuma niyyar da ta fito da kai, domin Compostela ta waɗanda suka zo don addini ko neman natsuwar ruhi ce. A Roncesvalles ana sa wa matafiya albarka a Misar yamma. Mutane da yawa kan ɗauko ɗan dutse daga garinsu su ajiye a gindin Cruz de Ferro, gicciyen ƙarfe da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, alamar sauke wani nauyi na zuciya. A Shekara Mai Tsarki, mai neman cikakkiyar yafiyar horon zunubi zai ziyarci babban cocin Santiago, ya yi addu'a, ya furta zunubansa gaban Fada, ya karɓi Tarayya Mai Tsarki. Furtawar na iya kasancewa cikin kwana 15 kafin ziyarar ko bayanta.

In na isa, sai me?

Ka fara neman inda za ka ajiye jaka, don ba a shiga cocin da ita. Ofishin matafiya yana titin Carretas, can za a duba hatimanka a ba ka Compostela da Latin. Misar matafiya ƙarfe 12 na rana ce, a sammaka in ana son wurin zama. Ƙaton kaskon turaren cocin, Botafumeiro, mai nauyin sama da kilo 50 da mutum takwas ke lilo da shi, ba kullum ake kunna shi ba, sai ranakun manyan bukukuwa ko in wata tawaga ta nema. Tikitin komawa kuma ka sa shi kwana biyu ko uku bayan ranar da ka ƙiyasta isowa, saboda ƙafa kan ci kwanakin da ba a lissafa da su ba.