Rubutu a Takarda Ba Ya Wadatar da Kurma a Asibiti

Mutane da yawa a Gombe, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun daɗe suna ɗaukar cewa idan kurma ya zo asibiti, rubuta masa a takarda ya wadatar. Wannan kuskure ne, domin wanda aka haifa kurma yawanci harshensa maganar hannu ce, mai nata nahawun, kuma da yawansu ba su samu damar karatu ba. Abin da ya fi damuna shi ne, idan ɗan'uwa ya yi tafinta, mace takan ɓoye ciwon da take jin nauyin faɗa a gabansa. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar fahimtar irin waɗannan majinyata.