Kirefish na ruwan daɗi a Turai

Kirefish dabbar ruwa ce mai ɓawo, dangin ƙaguwa da jatan lande. Ƙafafunta goma ne, biyun gaba kamar awartaki. Da rana tana laɓewa ƙarƙashin duwatsu ko cikin rami a gaɓar rafi, da dare ta fito cin ruɓaɓɓen ganye, dodon koɗi da mushen kifi, ta haka take tsabtace ruwa. A duniya akwai iri fiye da 600, galibinsu a Arewacin Amurka da Ostareliya.

Rabon Turai a cikinsu kaɗan ne. An daɗe ana lissafa 'yan asalin nahiyar iri biyar, sanannu a cikinsu su ne Astacus astacus na tafkunan arewa da tsakiyar Turai, da Austropotamobius pallipes mai farin hannu, wanda ake samu daga Sifen da Italiya har Birtaniya. A 2019 aka ƙara sabon iri, Austropotamobius bihariensis, daga tsaunukan Apuseni na Romaniya.

Abin da ya durƙusar da su annoba ce. Wata halitta mai kama da fumfuna, Aphanomyces astaci, ta ɓulla a arewacin Italiya wajajen 1860, ta bi koguna da fatauci, ta isa Suwidin a 1907. Asalinta daga Arewacin Amurka ne, kirefish na can sun saba da ita, jikinsu kan killace ta a cikin ɓawo su ci gaba da rayuwa. Na Turai ba su da wannan kariya. Wanda ya kamu sai a gan shi da tsakar rana a fili yana tangaɗi, ya kife a bayansa ya kasa tashi. Cikin 'yan makonni rafi guda kan ƙare ƙaf.

Abin takaici, garin neman gira aka rasa ido. Don a cike gurbin waɗanda suka mutu, aka shigo da na Amurka: Faxonius limosus a 1890, Pacifastacus leniusculus zuwa Suwidin wajajen 1960, sannan jan kirefish na Luwiziyana zuwa Sifen a 1973. Duk suna ɗauke da cutar. Ga saurin girma, ga yawan ƙwai, ga ƙwace maɓoya, wasu kuma suna rarake gaɓar kogi har ta zube. Daga baya wani iri mai ɗigo-ɗigo ya bayyana a hannun masu kiwon kifin ado a Jamus a shekarun 1990. Duk mata ne, guda ɗaya ta isa ta cika tafki ba tare da namiji ba.

Yanzu IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa mai farin hannu cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A 2016 Tarayyar Turai ta haramta shigowa da iri biyar na baƙin, ko sayar da su, ko sakinsu a ruwa. Sai dai inda suka riga suka kafu, fitar da su ya yi kusa da gagara. Shi ya sa a Birtaniya ake kwashe ragowar 'yan asali zuwa keɓaɓɓun tafkuna da tsofaffin ramukan haƙar dutse da ba su haɗe da kogi. Ana kuma roƙon masunta da masu kwale-kwale su duba kayansu, su wanke, su shanya har su bushe sarai kafin su shiga wani ruwa, domin ƙwayoyin cutar na rayuwa a jikin jiƙaƙƙen takalmi ko koma na kwanaki.