Waiwaye: Batun Baƙin Sama Daga Roswell Zuwa Zagami

Tun ina ɗan firamare a Kaduna nake bibiyar labarin abubuwan nan da ake cewa ana ganinsu suna shawagi a sararin samaniya ba tare da an gane ko mene ne ba, waɗanda aka fi sani da UFO, kuma har yau da furfura ta fara bayyana sha'awar ba ta ragu ba. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne, duk wanda ya bi tarihin batun a tsanake zai tarar cewa abubuwa biyu ne suka riƙa raya shi, wato sirrin da sojoji ke ɓoyewa game da makamansu, da kuma raunin shaidar ido a kan abin da ke nesa, cikin duhu, wanda ba ya daɗewa.

Masu tarihi sukan ɗauki ranar 24 ga Yuni, 1947 a matsayin mafari. A ranar ce wani ɗan kasuwa mai tuƙa ƙaramin jirginsa, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara masu ƙyalli suna gudu a jere kusa da dutsen Rainier a jihar Washington ta Amurka. 'Yan jarida suka ɗauki bayaninsa suka yayata cewa an ga faifai masu tashi, kuma cikin 'yan makonni ɗaruruwan mutane a sassan ƙasar suka ce su ma sun gani. Ya kamata a tuna da yanayin da ake ciki a lokacin. Shekara biyu kacal ke nan da ƙare yaƙin duniya na biyu, an jefa bam ɗin nukiliya a Japan, yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet ya fara kankama, saboda haka kowa a Amurka idonsa na sama, yana fargabar abin da zai iya faɗo masa.

A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne labarin Roswell ya ɓullo. Wani makiyayi a jihar New Mexico ya tsinci tarkace a filin kiwonsa, guntayen roba da takarda mai ƙyalli da 'yan sanduna, ya kai wa hukuma. A ranar 8 ga Yuli, 1947 sansanin sojin da ke garin Roswell ya fitar da sanarwa cewa ya samu faifai mai tashi, kafin gari ya waye kuma manyan hafsoshi suka janye maganar suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ce. Batun ya kwanta har kimanin shekara 30, sai a 1978 ɗaya daga cikin jami'an da suka je wurin, Jesse Marcel, ya sake tayar da shi, daga nan kuma labarin ya riƙa girma har aka kai ga cewa an ɗauke gawarwakin wasu halittu an ɓoye. A 1994 rundunar sojin saman Amurka ta amsa cewa bayanin farko ba shi ne cikakkiyar gaskiya ba: tarkacen na wani shiri ne na asiri mai suna Mogul, wanda ke tura jerin balan-balan ɗauke da na'urorin sauraro can sama domin su jiyo ƙarar gwajin nukiliyar Sobiyet idan an yi. A nan ne, a ganina, tushen matsalar yake. Hukuma ta ɓoye gaskiya domin ta kare wani sirri na soja, jama'a suka gane an ɓoye musu wani abu, sai suka cike gurbin da abin da ya fi burge su, kuma da gaskiyar ta fito bayan shekara 47 mutane da yawa ba su da sauran dalilin yarda da mai faɗar ta.

Rundunar sojin saman ta kafa sashen bincike mai suna Blue Book a 1952, wanda ya yi aiki har zuwa 1969. A cikin rahotanni 12,618 da aka tattara, 701 ne suka rage ba a gano bakin zarensu ba. Sauran sun kasance taurari, jiragen sama, balan-balan, gajimare mai siffa ta daban, da kuma ƙarya tsagwaronta. Masu cewa baƙi daga wata duniya na zuwa nan sukan riƙe wannan 701 su ce ga hujja, alhali abin da adadin ke nunawa shi ne bayanan da aka samu a kan waɗannan ba su isa a yanke hukunci ba. Wani abin da ya fito fili daga baya ya fi wannan muhimmanci. A 1997 wani nazari da hukumar leƙen asiri ta CIA ta wallafa ya ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da shekarun 1960 jiragenta ne na leƙen asiri, musamman U-2. Jirgin yana tashi sama da ƙafa 60,000 a zamanin da jiragen fasinja ba su kai rabin haka ba, don haka matuƙin da rana ta riga ta faɗi a wurinsa yakan ɗaga kai ya ga wani abu yana walƙiya kamar wuta a inda ya tabbata babu jirgin da zai iya kaiwa, domin can sama hasken rana na dukan fukafukansa har lokacin. Mutumin bai yi ƙarya ba, ya ga abin da ya ce ya gani, amma waɗanda suka san amsar ba za su faɗa masa ba.

Daga shekarun 1960 aka shiga zamanin masu cewa an sace su an shigar da su cikin kumbo, wanda labarin Betty da Barney Hill na 1961 ya buɗe wa ƙofa. Ba zan daɗe a kan wannan ba, domin yawancin bayanan an same su ne bayan an sa mutanen cikin wani yanayi mai kama da barci ana yi musu tambayoyi, hanyar da masana halayyar ɗan Adam suka nuna tana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai faru ba. Labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na nahiyarmu. A ranar 16 ga Satumba, 1994 yara kimanin 60 a makarantar Ariel da ke Ruwa, kusa da Harare a Zimbabwe, sun ce sun ga wani abu ya sauka a bayan filin wasansu, wasu ƙananan halittu kuma sun fito. Likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, John Mack, ya je ya tattauna da su, kuma da yawansu har suka girma ba su canza magana ba. Sai dai kwana biyu kafin ranar an ga wata wuta ta ratsa samaniyar kudancin Afirka, wadda aka danganta da ɓaraguzan rokar Rasha da ke ƙonewa a hanyarta ta dawowa, gari ya ɗauka da zancen baƙin sama, sannan an riƙa yi wa yaran tambayoyi a gaban juna. Ban ɗauke su maƙaryata ba, amma shaidar da aka karɓa ta wannan hanya tana da wuyar ginawa a kai.

Batun ya sake dawowa da ƙarfi a Disamban 2017, lokacin da jaridar New York Times ta bankaɗo cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta kashe dala miliyan 22 a wani shiri na binciken irin waɗannan abubuwa. Aka ji labarin matuƙin jirgin yaƙi David Fravor, wanda ya ce a 2004 ya ga wani farin abu marar fukafuki yana motsin da bai taɓa ganin irinsa ba a gaɓar tekun California. A Afrilun 2020 Pentagon, wato ma'aikatar tsaron, ta saki bidiyo uku da kanta, a Yunin 2021 kuma rahoton hukumomin leƙen asiri ya ce daga cikin abubuwa 144 da aka duba ɗaya kawai aka tabbatar, shi ma balan-balan ce da ta sace. A Yulin 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya rantse a gaban majalisar dokoki cewa gwamnati na riƙe da kumbon da ba ɗan Adam ne ya ƙera ba, amma ya ce labari aka ba shi, bai gani da idonsa ba. Ofishin AARO da Pentagon ta kafa a 2022 domin binciken irin waɗannan abubuwa ya fitar da rahoto a Maris ɗin 2024 cewa bai samu wata hujja ta fasahar wata duniya ba. Masu shakka suka ce ai ba a tambayar wanda ake zargi ya binciki kansa, kuma idan aka dubi Roswell ba za a ce ƙorafin nasu ba shi da tushe ba.

A nan Kaduna samaniyarmu ba ta taɓa rabuwa da zirga-zirga ba. Ga sansanin sojin sama a Mando inda ake horar da matuƙa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya, ga jirage marasa matuƙa da suka yawaita saboda matsalar tsaro. A 'yan shekarun nan an samu ƙari, wato taurarin ɗan Adam na Starlink, kamfanin da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Idan an harba su sababbi sukan bi juna a layi ɗaya kafin su warwatsu, don haka a daren bazara da aka ɗauke wuta, mutane na kwance a kan tabarma a tsakar gida, sai a ga ɗigon haske masu yawa suna tafiya a jere shiru babu ƙara, yara su fara ihu, wata dattijuwa ta kama salati, kafin safiya kuma bidiyon ya cika WhatsApp da fassara iri-iri. Ita kanta Zara, matar wata, idan ta yi ƙasa cikin hazon hunturu takan yi kamar tana rawa tana canza launi, kuma tana cikin abubuwan da aka fi kai rahotonsu a duniya a matsayin baƙon abu.

Bambancinmu da Amurkawa shi ne fassarar da muke fara kawowa. Bahaushe idan ya ga haske marar dalili cikin dare aljanu yake fara tunawa da su, Ba'amurke kuma kumbo, kowa da abin da ya tashi yana ji. Ta fuskar addini, malamai da dama ba sa ganin wata matsala a ce akwai halittu a wani wuri ban da nan, sukan ma kawo aya ta 29 a Suratus Shura wadda ta ambaci abin da Allah ya watsa na dabbobi a sammai da ƙasa. Yiwuwar samuwarsu magana ce dabam, cewa sun zo nan kuma magana ce da ke buƙatar shaida. Mu kuwa muna da tsohuwar al'ada ta tantance mai shaida a kan abin da ya gani a sama. Wanda ya ce ya ga jinjirin watan azumi ba a karɓa daga gare shi haka kawai: ana tambayarsa lokaci da wuri, da ɓangaren da ya gan shi, da yadda ya karkata, a kai maganar ga hakimi ko sarki, sannan kwamitin ganin wata ya auna kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Da za a bi rahotannin baƙin sama da rabin wannan tsanani, kaɗan ne za su tsallake.

Akwai kuma batun nisa, wanda masu zumuɗi ba su cika son a tayar ba. An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce wata tana da rai. Amma tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa yakan yi fiye da shekara huɗu kafin ya iso nan, kumbon Voyager 1 kuma da aka harba a 1977, mai gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara.

Duk da haka akwai baƙon da ya zo ƙasar Hausa daga wata duniya, kuma hujjarsa tana nan ana iya taɓa ta. A ranar 3 ga Oktoba, 1962 wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar tsuntsaye daga gonarsa, sai ya ji wata ƙara mai ƙarfi, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono sai aka ga dutse ne mai nauyin kimanin kilo 18, bayansa baƙi saboda ƙunar da ya sha a hanya. Aka kawo shi Kaduna, aka ajiye a hannun hukumar binciken ma'adinai. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka gano asalinsa, bayan da kumbunan Viking suka auna iskar duniyar Mars a 1976, aka kwatanta da iskar da ta maƙale a cikin 'yan ƙofofin irin waɗannan duwatsu aka ga ta dace. Wani abu ne ya daki Mars ya fizgo shi, ya yi ta yawo a sarari na miliyoyin shekaru kafin ya faɗo a gonar. An yanyanka shi, ɓangarori da yawa sun tafi ɗakunan bincike da hannun masu tara irin waɗannan duwatsu a ƙasashen waje, kuma a 1996 an maƙala ɗan ƙanƙanin gutsurensa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da hukumar NASA ta harba zuwa Mars.