Mayar da Shirin Yaƙi da Ƙanjamau Hannun Najeriya

Mayar da shirin yaƙi da ƙanjamau hannun gida shi ne ƙoƙarin da ake yi don gwamnatin Najeriya da jihohinta su ɗauki nauyin gwaji da magani da kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV, maimakon jiran masu ba da tallafi daga ƙetare. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, an kuma ƙiyasta jimillarsu da mutum miliyan 1.9. Maganin rage kaifin cutar ba ya warkarwa, sha ake yi kullum har ƙarshen rayuwa, don haka duk wanda ya ɗauki nauyinsa ya ɗauki nauyin da ba shi da ranar sauka.

Asalin dogaro

A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Najeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kaiwa ga wannan adadi ba. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara raba maganin da kuɗinta ga mutum dubu kaɗan, sannan manyan masu tallafi biyu suka shigo: Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR da shugaban Amurka George W. Bush ya ƙaddamar a 2003. Shirin na Amurka ya zuba fiye da dala biliyan 6 a Najeriya. Daga 2006 magani ya zama kyauta a asibitocin gwamnati.

An ceci rayuka masu yawa, babu musu. Sai dai shirin ya tashi a gefen tsarin lafiya na ƙasa, ba a cikinsa ba. Ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin tallafi su ke ɗaukar ma'aikata, su biya albashi, su adana bayanan marasa lafiya, su kai samfurin jini ɗakunan gwaji. A asibiti guda za ka ga sashen ƙanjamau da kwamfuta da janareta, sashen da ke maƙwabtaka da shi kuwa babu ko safar hannu.

Girgizar 2025

Ranar 20 ga Janairu 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin ƙetare na kwana 90. An sassauta wa magungunan ceton rai daga baya, amma USAID, hukumar Amurka mai raba tallafin ƙetare, ta rufe a watan Yuli. A Najeriya, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don cike giɓi. Kafin nan akwai yunƙuri biyu na mayar da shirin hannun gida: gwamnatin tarayya, ta hannun NACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, ta riƙe shirin a jihohin Abiya da Taraba, sannan a 2022 aka ƙaddamar da asusun amana da 'yan kasuwa ke jagoranta, da burin tara naira biliyan 62.

Inda gizo ke saƙa

Sayen ƙwayar magani shi ne mafi sauƙin aikin. Haɗin magani uku da akasarin majinyata ke sha, wanda kamfanonin Indiya ke yin mafi yawansa, ya sauko ƙasa da dala 45 a shekara ga mutum ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne mutane: mai shigar da bayanai, mai bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani, direban da ke kai kaya ƙauye. Mafi yawansu ba sa cikin jerin ma'aikatan gwamnati, kuma asibitocin da suke aiki a ciki na jihohi ne da ƙananan hukumomi, waɗanda ƙarfin aljihunsu ya bambanta ƙwarai. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara dagula lissafi, domin da dala ake sayen magani da sinadaran gwaji.

Akwai kuma tsoron tsangwama. Haɗe sashen ƙanjamau da sauran sassan asibiti na rage kashe kuɗi, amma mace mai ɓoye halin da take ciki ga kishiya ko dangin miji na iya ƙaurace wa layin da kowa zai gan ta.

Misalan wasu ƙasashe

Botsuwana ta fara raba maganin kyauta a 2002, da kuɗin lu'ulu'unta take riƙe mafi yawan shirin. Afirka ta Kudu, wadda ke da shirin magani mafi girma a duniya, da kanta take sayen akasarin magungunanta, tallafin Amurka bai wuce kusan kashi 17 cikin ɗari na kuɗin shirin ba. Duk da haka, da aka yanke shi a 2025, an rufe wasu asibitocin sha-ka-tafi, dubban ma'aikatan lafiya kuma suka rasa aikinsu.